Ranin da Muka Fita Daga Ƙungiyar 'Yan Tumatir

Ni ne na fitar da ƙauyenmu daga ƙungiyar 'yan tumatir. Na faɗa tun da wuri ne saboda yanzu in ana ba da labarin a ƙofar masallaci, kowa cewa yake yi "aka ce mu fita", kamar daga sama maganar ta faɗo. Daga bakina ta fito. Lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, da gona a bakin kanal, da rediyo mai cin batir huɗu.

An gama dam ɗin Bakolori ke nan, ruwa ya fara bin kanal. Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, ba nisa da Dosara. Fadamar da muka gada ta tafi, kuma shekarun ba su zo mana da sauƙi ba, akwai abubuwan da har yau dattawanmu ba su son a tayar da zancensu. Abin da ya rage a hannunmu 'yan filaye ne da ruwa ke kaiwa, muka zuba musu tumatir. Tumatir kuwa ya yi, ya yi har ya fara ba mu tsoro, don shi ba gero ba ne da za ka zuba a rumbu ka manta. In ka tsinke shi yau, jibi ya fara yi maka kuka.

Shi ya sa aka yi ƙungiya. Manoman Mafara, da na Bakura, da mu na ɓangaren Maradun, muka haɗa kai. Ana ɗauko babbar mota guda duk mako, akwai rumfa guda a kasuwar Mafara, akwai dillali a kudu mai karɓar kaya. Kwanduna duk masaƙan Bakura ke yi, girmansu ɗaya, don kada a yi gardamar awo. Shugaban ƙungiyar kuwa surukina ne, mahaifin matata, dattijo a Mafara wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko a kan akuya.

Abin da ya ɓata mana rai shi ne lodi. Daga wajenmu mota ke farawa, don haka kwandunanmu ne a ƙasa. Sai ta je Bakura a ɗora nasu, ta ƙarasa Mafara a ɗora nasu a sama, suna shan iska. Ana sa katako tsakani, amma hanyar kudu ba ta san katako ba. Direban, wani mai barkwanci ɗan Mafara, ya taɓa ce mana tumatirinmu ne kaɗai ke isa can a shirye, gishiri kawai za a zuba. 'Yan Mafara suka ɗauka, suka sa mana suna 'yan ƙasan mota. Ko ɗaurin aure ka je sai ka ji wani ya ce a matsa wa 'yan ƙasan mota su zauna.

Ni kuma ga rediyo. Kullum da yamma ina gindin tsamiya ina jin labarin ƙasashe, waɗannan sun haɗa kai, waɗancan sun ɓata, wata ta ce ta gaji za ta ci gashin kanta. Na haddace kalmomi masu nauyi na fara sauke su a kan mutane. Na ce muna da ruwa, muna da ƙasa, muna da hannu, me Mafara ta fi mu in ban da kwalta? Na ce duniya faɗi gare ta, akwai Sakkwato, akwai Gusau, ga Turawan dam nan kusa da mu, ga ƙasar Nijar can ba su da ruwa, tumatir ɗaya sai su yi masa layi.

Wanda ya fi kowa goyon bayana shi ne kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya yi aikin fasa dutse a wajen dam, kunnensa ya yi nauyi, tun daga nan yake magana kamar yana kiran wani a hayin gulbi. Rabin abin da nake faɗa ba ya ji, amma duk inda na tsaya shan numfashi sai ya buga sanda ya ce, "Gaskiya ne!"

Matata ce kaɗai ta yi mini tambaya. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, in kunka hita, motar wa za ku shiga?"

Na ce, "Mota ita za ta neme mu."

Ta ce, "To," ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana uku na yi ina shirya jawabi. A gona nake gwadawa, in tsaya tsakiyar kunya in ɗaga hannu in yi wa tumatir bayani. Abin da ban lissafa ba shi ne a zauren surukina ake taron. Ranar Talata bayan la'asar muka isa, mu goma sha biyu. Tun daga bakin layi na cire takalmi na riƙe a hannu. Na shiga na durƙusa can nesa da shi, kaina a ƙasa.

"Baba, barka da yamma."

"Barka kadai. Kun zo lahiya? Ina gajiya? Ina mutanen gida? Yaya ruwa, yana kai muku? Yaya tsohuwa, ƙahwar ta yi sauƙi?"

Kafin mu gama gaisuwa, jawabina ya zube gaba ɗaya. Da aka zo kan maganarmu ya ce, "An ce kuna tahe da zance." Na dubi tabarma na gaya mata cewa, in ba za a ga rashin kunyarmu ba, mun ɗan yi shawara, ko da za a ɗan ba mu dama mu ɗan gwada wata hanya.

Ya ce, "Na'am?"

Na sake faɗa wa tabarma, a hankali fiye da na farko.

Sai Kawu ya miƙe. "Cewa ya yi mun hita! Mun gaji da kwana ƙarƙashinku! Ku riƙe motarku!"

Wani ɗan Bakura ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe da na gode mata. Surukina ya ɗan shafa gemu ya ce, "To. Allah shi sa haka ya hi zama alheri. Ba a riƙe mutum dole." Sannan ya ƙara da cewa, "Sai kwandunan ƙungiya da ke wajenku. Mota za ta bi ku yanzu ta ɗauko su. Ku shiga ta rage muku hanya, rana ta yi sanyi."

Haka muka koma gida ranar 'yancinmu, a bayan motar ƙungiya, wadda za ta je ta kwashe mana kwanduna. Kawu ya rantse ba zai hau ba, ya kama hanya da ƙafa. Muka same shi bayan gari zaune a gindin wata bishiyar bedi yana duba ƙaya a tafin ƙafa. Direba ya tsaya, Kawu ya hau.

Washegari tumatir ya nuna kamar yadda ya saba, don shi ba a gaya masa an fita ba. Ba kwando ko ɗaya a ƙauyen. Muka kwashe daro da fanteka da ƙwarya na matanmu, har da wani tsohon akwatin ƙarfe na lefe. Talata ta zagayo muka ɗora wa jakuna muka nufi kasuwar Mafara. Rumfar ƙungiya ba tamu ba ce yanzu, sarkin kasuwa ya duba ya duba, ya ce wurin da ya rage sai kusa da turken jakuna. Nan muka baje a rana. Masu saye suka zo suka leƙa suka wuce, don duk wanda ya ga tumatir a akwatin lefe ya san mai shi ba zai koma da shi gida ba. Sai da rana ta kusa faɗuwa masu tuwo-tuwo suka zo suka kwashe a yadda suka ga dama, har wata ta nemi in ƙara mata da fantekar.

Na ce wa mutanena wannan gwaji ne kawai, babbar kasuwa tana wajen Turawa. Na ji an ce mutanen ƙasarsu ba su cin komai sai da tumatir. Na sa babbar rigata ta sallah, ni da Kawu muka zaɓi daro guda na masu kyau muka tafi sansaninsu. Turancina na aji huɗu ne, na yi ta maimaita shi a hanya. Mai gadi ya haɗa mu da kukunsu, wani mutumin kudu da ya fi ni iya Hausar kasuwa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce mu biyo shi. Ya buɗe wani ɗaki. Tun daga ƙasa har rufi kwalaye ne na tumatirin gwangwani, daga ƙasarsu aka kawo a jirgin ruwa.

Muna tsaye sai ga wani Bature mai tumbi ya shigo. Ya ɗauki tumatirinmu guda ya shinshina, ya yanka da 'yar wuƙa, ya barbaɗa gishiri ya ci ɗanye. Ya lumshe ido, ya sumbaci yatsunsa, ya yi ta zuba magana yana dafa kafaɗata. Zuciyata ta yi fari. Na fara tunanin wace irin mota za mu saya.

Kuku ya ce, "Ya ce bai ci irinsa ba tun da ya baro gida. Ya ce ku riƙa kawo daro ɗaya."

Kawu ya kara hannu a kunne. "Mi ya ce?"

Na ce, "Daro ɗaya, Kawu."

"Kowace sa'a?"

"Duk mako."

Kawu ya dubi Baturen sama da ƙasa, ya tsaya a kan tumbin, ya ce da muryarsa ta hayin gulbi, "Wanga duk da daro ɗaya anka tara shi?" Baturen ya ɗauka yabo ne, ya kama hannunsa ya girgiza.

Saura Nijar. A nan na zuba duk abin da ya rage mini na baki. Muka ɗauki shatar wata akori-kura, muka cika ta da tumatir a buhuna da daro, ni da Kawu da mutum biyu muka bi ta Sakkwato muka nufi Illela. A hanya duk shingen da muka tarar sai an leƙa an ce, "A'a, tumatir ne? A ɗan ba mu na miya." Kafin mu tsallaka iyaka mun yi wa gidaje da yawa miya. Rana kuma tana aikinta, ruwa ja ya fara ɗiga ta ƙarƙashin mota, ƙudaje suka raka mu kamar 'yan biki.

Muka shiga kasuwar Ƙonni da hantsi. Ban manta abin da na gani ba. Layi guda tun daga farko har inda ido ya tsaya ja wur yake da tumatir, ga albasa kowace kamar kan jariri. Ashe su ma suna da fadamu da rijiyoyi, sun fi mu daɗewa a noman rani. Ba wanda ya taɓa faɗar haka a rediyo.

Wani dattijo mai albasa ya ga mun tsaya kamar an dasa mu, ya kira mu inuwarsa ya ba mu ruwa. Hausarsa irin tamu ce sak. Ya tambayi daga ina, muka ce ƙasar Maradun, kusa da Mafara. Fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah ne ya kawo ku. An ce mini can wajenku akwai wata ƙungiya mai mota har kudu, da dillalinsu da komi. Shekara biyu ina neman wanda zai kai ni ga shugabansu. Ko kun san shi?"

Mutanen nan biyu suka juyo suka dube ni. Kawu ya ce, "Mi ya ce?" Ba wanda ya maimaita masa.

Abin da bai lalace ba muka bayar aka ba mu 'yan sefa da ba mu ma san lissafinsu ba, sai da dattijon ya tsaya mana. Sauran muka zubar a bayan kasuwa, awakin Nijar suka samu rabonsu. Mai akori-kura ya ce ba zai tashi ba sai mun wanke masa mota, muka wanke.

Da muka dawo ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Na kunna rediyo a gindin tsamiya, ni kaɗai na saurara. Da yamma maƙwabcina ya zo, wani tsoho da ba shi da ɗa namiji, shi da 'yar gonarsa ke ciyar da jikoki huɗu. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya zauna, ya ce, "Malam, tumatirina ya nuna. Gobe ina za mu kai?" Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske yake tambaya, don ya yarda da ni. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da safe na fito na ɗaga kai, karon farko tun dawowarmu, sai na ga rufin ɗakinmu ja. Na duba na maƙwabta, shi ma ja. Ashe tun ranar da muka tafi matata ta tara matan unguwa, suka ɗauki wuƙaƙe suka shiga yanka tumatir suna shanyawa. Kauɗa ke nan, wadda kowace mace ke yin 'yar kaɗan don miyar damina. Su kuwa suka yi ta gari guda. Rufin soro, tabarmi, zana, faifai, duwatsun bayan gari, ko'ina an shimfiɗa. Gari ya ɗauki wani tsami-tsami, awaki suna yawo da jan baki, an sa tsofaffi gadi da tsumagiya.

Na ce mata, "Wa ya ba ku wannan shawara?"

Ta ce, "Darona nike so a maido mini, shi ya sa. In ya bushe buhu zai shiga."

Na gyara murya na ce dama ina da niyyar kawo maganar kauɗa a zama na gaba. Ta dube ni, ta miƙo mini wuƙa. Na zauna na yi yanka har azahar, ni da Kawu da tsohon nan maƙwabcina, a tsakiyar mata, suna gyara mana kauri.

Ba zan ce kauɗa ta mayar mana da abin da muka rasa ba. Kwando da yawa ke komawa buhu ɗaya, kuma ranin nan ba wanda ya yi sabuwar riga a ƙauyenmu. Wasu sun sayar da tumaki. Amma da damina ta sauka ɗanyen tumatir ya ɓace a kasuwa, sai ga 'yan Gusau har ƙofar gida suna tambayar masu kauɗa. Mata suka fito da buhuna daga ƙarƙashin gado. Su suka yi ciniki, mu muna daga gefe muna ɗaga buhu in an ce mu ɗaga.

Da rani ya sake zagayowa dole na koma zauren Mafara, don ba duk tumatir ake shanyawa ba. Komawa ƙungiya ba ta taso ba, Kawu ya riga ya yi rantsuwa a gaban jama'a, ni ma kuma ina da 'yar fuskar da nake karewa. Wannan karon ni kaɗai na je, na cire takalmi, na gaya wa tabarma cewa muna neman a ɗan sayar mana da wuri a mota. Surukina ya ji tun a karon farko.

Ya ce, "Babu laihi. Za ku biya hiye da 'yan ƙungiya kaɗan. Kwando irin namu za ku saya a Bakura, don dillali bai san wani awo ba. In ana shawara kuma sai ku jira a waje, a gaya muku abin da anka yanke."

Na ce, "Mun gode, Baba." Na yi ƙarfin hali na ƙara da cewa, "Sai maganar lodi."

Ya ce, "Au, ba ku ji ba? Ai da kunka hita, na Bakura sunka koma ƙasa. Mako biyu sunka kawo kuka nan zaure, anka sa kafinta ya yi wa motar bene-bene. Yanzu ba mai danne wani."

Na ce, "Da ma ana iya haka?"

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa tambaya."

A hanyar gida na yi ta tunanin yadda zan faɗa wa Kawu, daga baya na ga ba dole ne ya ji komai ba.

Haka muka zauna shekaru, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Cikin mu goma sha biyun nan, biyar suka koma ƙungiya a ɓoye, suna sa kayansu da sunan dangin matansu na Bakura. Kowa ya sani, ba wanda ya ce ya sani. Ranar taro mukan zauna a dakalin ƙofar zaure muna cin gyaɗa, in an fito a gaya mana ranar lodi. Daron Bature kuwa ni na riƙe shi, duk mako ina kaiwa a keke har Turawan suka tattara suka koma ƙasarsu.

Wata damina matata ta haihu, surukina ya zo suna. Bayan an watse ya ce a kira masa ita, ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya ce gidansa miya ta yi fari, yana son buhun kauɗa guda, kuma saye zai yi, ba ya son kyauta. Ta sunkuyar da kai ta faɗi kuɗi. Ya ce, "Kai, ɗiyar nan, ni za ki yi wa tsadar 'yan Gusau?" Ta ce, cikin ladabi, ba tata ba ce ita kaɗai, ta matan unguwa ce, in ta rage sai sun tambaye ta dalili. Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara, ta ce albarka. Sun fi rabin sa'a suna yi, ita kanta a ƙasa, shi yana ta murmushi cikin gemu, har ya biya yadda ta ce.

Ni na ɗauki buhun a ka na raka shi bakin hanya, takalmina a hannu. Muna jiran mota ya tambaye ni ko har yanzu ina jin labarin duniya. Na ce ina ɗan taɓawa. Ya ce in an faɗi wani abu game da kuɗin taki in aika masa, nasa rediyon ya lalace.